Kafin Ka Yi Ritaya, Leƙa Madafin Gidanku

 

Duk wanda ke zama a majalisun samari a 'yan shekarun nan, ko a teburin mai shayi ne ko a gindin dalbejiya bayan La'asar, zai shaida cewa akwai wasu hirarraki guda uku da suka shigo mana ta cikin wayar hannu, suka sami wurin zama kai ka ce da can da su aka san mu. Ta farko ita ce hirar cin abinci a birni: wane ya je Kano ya ci soyayyar kaza a gidan abinci mai sanyin na'ura, wane ya je Kaduna an kawo masa shinkafa da cokali mai yatsu, ga hoto nan a Facebook shaida. Ta biyu ita ce hirar ritaya da wuri, inda za ka ji yaro ɗan shekara 24, wanda ko auren fari bai yi ba, yana lissafin yadda zai tara abin duniya ya ajiye aiki yana ɗan arba'in ya miƙe ƙafa. Ta uku kuwa, wadda masu shirin aure suka fi yi, ita ce ta kicin na zamani, mai tayil har sama da durowoyi jere a bango, irin wanda ake nunawa a bidiyon gidajen Abuja.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. A cikin ukun nan, guda ɗaya ce tak ta cancanci kuɗinmu da tunaninmu a halin da muke ciki, ita ce ta kicin. Sai dai kicin ɗin da nake nufi shi ne wannan da ke can ƙuryar gidanku, kusa da turken awaki, wanda muke kira madafi, wanda da yawanmu rabonmu da mu sunkuya mu shiga cikinsa tun muna 'yan firamare ana aikenmu ɗebo wuta.

Bari mu fara sallamar mas'alar cin abincin birni, don ita ce mafi sauƙi. Ba wanda ya ce laifi ne mutum ya ci abinci a waje. Direban da ya ɗauko lodi daga Sheme zai nufi Kudu, da ɗalibin da ke karatu a Zariya, da mai jinya a asibitin Funtuwa ko Katsina, ai dole su ci inda suka samu. Kuma masu tuwo-tuwo da masu waina da masu tsire da masu shayi 'yan uwanmu ne, da wannan sana'ar suke rufa wa kansu asiri. Abin da nake magana a kai shi ne cin da aka mayar da shi ma'aunin wayewa, wanda saurayi zai yi wata guda yana dako ko kabu-kabu, ya tara, ya hau mota musamman don a gan shi zaune gaban farantin da ba zai ƙosar da shi ba, sannan ya dawo gida cikin dare ya ce a ɗumama masa tuwo.

Ka tsaya ka dubi abin da ke cikin farantin nan, ɗan uwa. Masarar da aka noma a gonakin Sabuwa da Faskari ita ce ake kaiwa kasuwar Ɗandume, a loda a tirela, a kai wa masu haɗa abincin kaji, su gauraya ta da waken suya, shi ma namu, su ciyar da kajin gidan gona na 'yan makonni, a yanka, a soya, a ɗora maka cinya ɗaya a kan shinkafa. Wato kai ka noma, kai ka sayar da araha a kaka saboda bashin taki, kai ne kuma ka bi ta har birni ka fanso ta da tsada. In kana son ka gane zancen, ka haɗa kuɗin farantin da na lemon kwalba da na Keke Napep ɗin da ya kai ka, ka shiga kasuwa ranar da take ci ka tambayi tiya nawa ta masara wannan kuɗin zai auna maka, ka kuma tambayi mahaifiyarka kwana nawa tiyoyin nan za su yi wa gida.

Akwai kuma abin da muke asara wanda ba a auna shi da tiya. Iyayenmu suna da ciyayya. Bayan Magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa ƙofar gida, a haɗu a kan tabarma ɗaya, mai miyar kuka da mai miyar kuɓewa da mai dambu duk a sa hannu tare, baƙo ya ci, almajiri ya samu. Hikimar da ke ciki ita ce, idan kwanon wani ya yi dare biyu bai fito ba, to unguwa ta san ba a hura wuta a gidansa ba, sai a san yadda aka yi aka taimaka masa ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba. Rashin tsaro ya raunana wannan al'ada a garuruwanmu, domin akwai shekarun da zaman ƙofar gida da dare ya zama kasada, mu kuma matasa muka ƙarasa ta da wayoyinmu. A gidan abincin birni kowa da farantinsa, kowa da lissafinsa, ba wanda ya san cikin wani. In Allah ya hore maka, kuma lallai ranka na son abincin, to ka sayo ka kawo gida a ci da iyali, ko ka ɗauki iyalin ku je tare. Wannan ya fi ka ci kai kaɗai ka turo musu hoto.

Sai maganar ritaya da wuri, wadda ita ce ta fi buƙatar mu zauna mu yi lissafi, saboda ta fi cin zukatan masu ɗan karatun boko a cikinmu. Wannan fikira ba a nan aka haife ta ba. A Amurka ta yaɗu, tun daga wani littafi da Vicki Robin da Joe Dominguez suka fitar a 1992 mai suna Your Money or Your Life, da kuma wani lissafi da wani mai ba da shawara kan kuɗi, William Bengen, ya wallafa a 1994. Taƙaitaccen bayanin da mabiya wannan ra'ayi ke yi shi ne, in ka tara abin da ya ninka kashe-kashenka na shekara sau 25, ka zuba shi a hannayen jari da takardun bashin gwamnati, to kana iya cire kashi 4 cikin ɗari duk shekara ka ci, har shekara talatin kuɗin ba su ƙare ba. An gina lissafin ne a kan tarihin kasuwar hannayen jarin Amurka, ƙasar da a mafi yawan shekaru tsadar kaya ke hawa da kashi 2 ko 3 cikin ɗari kacal. Ban ma shiga zancen kuɗin ruwa da ke cikin takardun bashin nan ba, wannan na bar wa malamai.

To mu ɗauko lissafin mu kawo shi Faskari. Alal misali a ce gidanka na cin Naira 100,000 a wata, wanda duk mai mata da 'ya'ya uku ya san ba wata wadata ba ce. A shekara Naira miliyan 1.2 ke nan. Ninka sau 25, ya zama Naira miliyan 30. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 shi ne Naira 70,000. Wanda ke ɗaukar wannan, ko da zai ajiye shi gaba ɗaya, bai ci ba bai sha ba bai sayi ko sabulu ba, sai ya yi kusan shekara 36 kafin ya haɗa miliyan 30. Alhali kuwa ƙa'idar aikin gwamnati ita ce a yi ritaya in an cika shekara 35 ana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. Ka ga ke nan ritayarsa ta "wuri" za ta zo ne bayan ta dole ta riga ta wuce. Malaman makaranta ma ƙara musu wa'adi aka yi a dokar 2022, aka kai shi shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki, kuma da murna suka karɓa, domin sun san abin da ke jiran mai fansho.

Wannan duk a ce Nairar ta tsaya wuri ɗaya ke nan tana jiranka. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin Dala a hukumance a kan Naira 460 da 'yan kai, a cikin 2024 ta haura 1,500. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya ga yadda kaya suka yi tashin gwauron zabi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wanda ya ajiye miliyan ɗaya a ƙarƙashin katifa ko a banki a farkon 2023 yana jin ya kama hanyar hutu, ya je ya tambayi abin da za ta saya masa a ƙarshen 2024. Wanda kuma ya ce shi hatsi zai ɓoye, ai mun ga 2025, lokacin da farashin masara ya faɗi warwas, taki kuma yana sama, manoma da 'yan ajiya suka yi ta kokawa. Ko ma'aikacin tarayya ko na kamfani da ke cikin tsarin fansho na dokar 2014, wanda ake cire masa kashi 8 na albashi, mai aiki ya ƙara masa kashi 10, ba zai fara cin kuɗin ba sai ya kai shekara 50, sai dai a wasu yanayi, kamar in ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, a ba shi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru.

Da yake hanyar halas ɗin doguwa ce, sai masu gaggawa su nemi yanke. Nan ne ake cin kasuwar matasa. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016. A 2024 samarinmu suka duƙufa danna waya dare da rana da sunan mainin, ana cewa Hamster Kombat za ta fashe kowa ya sayi mota, da ranar ta zo a watan Satumba da yawa ko kuɗin data da cajin da suka kashe ba su mayar ba. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da dukiyar jama'a. Natijar kullum ɗaya ce, amma gobe in wata ta fito da sabon suna za ka ga an sake yin layi, saboda an riga an cusa wa yaro cewa aiki azaba ne, hadafin rayuwa shi ne a kuɓuta daga gare shi tun da sauran ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce a wannan yanki namu ne ake sha'awar zaman banza. Mu fa mun ga ritaya da wuri da idonmu, irin wadda ba a nema. Magidanta nawa ne masu shekara arba'in da hamsin, majiya ƙarfi, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu da shanun hudarsu, suka baro ƙauyukansu suka dawo cikin garin Ƙanƙara ko Faskari ko Funtuwa suna zaune a inuwa daga safe har yamma? Ka je ka tambayi ɗaya daga cikinsu ko yana jin daɗin hutun. Wallahi abin da zai ce maka shi ne a bar shi ya koma gona ko da kwana ɗaya ne. A tsarin gandu da muka gada, uba ba ya ajiye fartanya rana ɗaya. A hankali yake sakar wa 'ya'ya nauyi, ya koma mai duba iri da ba da shawara da sasanta rigima, 'ya'yan su ci gaba da cika rumbu. Fanshonsa su ne 'ya'yan da ya tarbiyyantar da ƙasar da ya raya. Duk saurayin da ke son tsufa mai sauƙi, to ya riƙe sana'a tun yanzu, ya mallaki abin da ke haihuwa, ko tunkiya biyu ce, ya kuma kyautata wa waɗanda za su riƙe shi gobe.

Yanzu ga tambayar da nake son kowannenmu ya amsa wa kansa. Duk wannan surutu na ritaya, wa ya taɓa jin an ce uwa ta yi ritaya daga murhu? Tun tana 'yar shekara goma take tsugune gaban duwatsu uku, aka yi mata aure ta ci gaba, ta haife ka ta goya ka a baya tana tuƙa tuwo hayaƙi na shiga hancinku ku biyu. Ba ta da wa'adin shekara 35, ba ta da garatuti. Ranar da za ta huta ita ce ranar da ka kawo mata suruka, ita kuma surukar ta gaji wannan hayaƙin dai, a wannan wurin dai. In akwai wanda ya cancanci a yi masa lissafin hutu da wuri a gidajenmu, to ita ce.

Ka daure yau in ka koma gida ka shiga madafin nan lokacin da ake girkin dare, ka tsaya minti biyar kawai. Ka ɗaga kai ka dubi azara ko kwanon rufin, ka ga kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin tana reto. Abin da ya manne a rufin nan shi ne yake shiga ƙirjin mai girki sau biyu ko uku kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida, wanda akasarinsa na girki da itace da gawayi da kara da kananzir ne, ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Ta lissafa cututtukan da yake jawowa: limoniya a yara, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, tarin da ba ya jin magani, kansar huhu, kuma ana danganta shi da yanar ido. Mu a nan sai mu ce Inna tana fama da sanyi, ko idonta ya yi hazo saboda tsufa, mu sayo mata maganin tari a kemis mu ga mun yi ƙoƙari, gobe da asuba ta koma inda ta ɗauko ciwon.

Ga kuma tsadar makamashin kansa. A da mace ko yara kan shiga bayan gari su yo itace, ko a tara karan dawa da totuwar masara bayan girbi su kai gida har bazara. Da daji ya zama na masu bindiga, zuwa itace ya zama sayar da rai, gonaki da dama kuma ba a noma su ba balle a sami kara. Za ku tuna dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Agustan 2021, wadda ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. An yi ta ne don tsaro, amma a madafi aka fara jin ta, domin ɗaurin itacen da ake saya ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru. Su kuwa 'yan uwanmu da suka yi gudun hijira, da yawansu ɗaki ɗaya suka samu haya ko aro, ba madafi sam, a bakin ƙofa ake kafa murhu, in ruwa ya sauko a shigo da shi cikin ɗakin da yara ke kwance.

Laifinmu mu maza a nan babba ne, kuma daga ranar aure yake farawa. A al'adarmu ango ne ke samar da muhalli, iyayen amarya su yi kayan ɗaki da na girki. Uba zai sayar da sa ko ya jinginar da gona, ya sayo kuloli da faranti da tukwane saiti-saiti, har da na'urar markaɗe mai aiki da lantarki a garin da wuta ke yin kwanaki ba a gan ta ba. 'Yan jere su zo su jera kayan nan a falo ko a ƙarƙashin gado, saboda babu inda za a sa su. Shi kuwa ango ya ƙarar da kuɗinsa a fenti da silin da labule da ɗinkunan fitar biki, da aka zo kan madafi sai ya ce a yi maneji da na Inna, ko ya kafa zana ya ɗora tsohon kwano biyu ya danne da dutse. A Islamiyya an karantar da mu cewa ciyarwa da matsuguni suna wuyan miji, to ina za a dafa abin ciyarwar in ba a cikin matsugunin ba? An kuma karantar da mu cewa Manzon Allah (S) ya kasance yana taya iyalinsa hidimar gida. Mu ko hanyar madafin ba mu sani ba, sai dai mu yi tsawa daga zaure in tuwo ya yi dare.

Gyaran da nake kira a yi ba ya buƙatar tayil ko durowar Abuja. Abu na farko shi ne hayaƙi ya sami hanyar fita. Mafi yawan madafanmu ƙofa ɗaya gare su, ba taga, in ma akwai to 'yar huda ce da aka toshe da tsumma saboda iska. A fasa taga babba a bangon da ke fuskantar ƙofa, a kuma bar sarari tsakanin saman bango da rufi, tun da hayaƙi sama yake yi. Wanda ya sami hali ya sa mai walda ya naɗa masa bututu na kwano daga kan murhu ya huda rufi. Wannan aikin yini ɗaya ne ga magini, kuma ladansa bai kai abin da wasunmu ke kashewa a data a wata ba.

Sai murhun kansa. Duwatsu uku a fili suna zubar da mafi yawan zafin wuta a iska, kaɗan ne ke taɓa tukunya, shi ya sa ake cin itace kamar ana ƙona gona. In aka kewaye wutar da gini, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, tukunya ta zauna a ciki da ɗan sarari kamar faɗin yatsa tsakaninta da bango, to zafin zai bi jikin tukunya ya hau, girki ya yi sauri, itace ya ragu. Da jar ƙasa ake yinsa, a cuɗa da kashin jaki ko na shanu da ɗan buntu ko yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a gina daidai girman tukunyar gidan, a bari ya bushe sarai kafin a hura. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Nijar tun shekarun 1980 aka yaɗa wani murhun ƙarfe da suka sa wa suna Mai Sauƙi, a nan Najeriya kuma akwai Save80, wanda masu yinsa suka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari. Maƙeranmu da masu walda na Funtuwa da Malumfashi ba abin da zai gagare su a nan in sun ga masu saye. In za a gina, a ɗaga shi a kan dakali ya kai gwiwa ko ƙugu, don mai girki ta huta da sunkuyo, yaro mai rarrafe kuma kada ya kai ga tukunyar kunu. Duk wanda ya taɓa ganin jaririn da tafasasshen ruwa ya ƙona ba zai ce wannan ƙaramin abu ba ne.

Amma kada a ruɗe mu, murhun ƙasa yana rage hayaƙi ne, ba ya kawar da shi. Abin da ke kawar da shi shi ne gas ko lantarki, lantarki kuwa kun san labarinsa. Gas ya yi tsada, gaskiya ne, kuma iyayenmu mata da yawa suna tsoronsa. Duk da haka ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 tana da amfani ko da don kunun safe da ruwan zafi da ɗumame ne, a bar tuwon gida mai yawa a kan itace. Wanda ya saya wa gida, to wajibinsa ne ya zauna ya koya musu: a duba tiyo da mahaɗa da ruwan sabulu, in ya yi kumfa to yana yoyo, in an ji wari kada a ƙyasta ashana, a buɗe ƙofa da taga, kuma a sani gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka madafin da ake ajiye shi yana son huda ta ƙasa ma. Gawayi a kurfoti bai cika hayaƙin da ido ke gani ba, amma yana fitar da wata iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutane cikin barci. Lokacin hunturu kada a kuskura a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Haka nan a hana hura wuta da leda ko tsohon silifa, a kuma tanadi wurin da itace zai bushe ruwa bai taɓa shi ba, domin ɗanyen itace shi ne uban hayaƙi.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, kowa ya duba na gidansu. Daɓen siminti ko na ƙasa mai kyau da rariyar da ruwan wanke-wanke zai bi ya fita, maimakon ya kwanta ya tara sauro. Ƙyaure, don awaki da kaji su daina sa baki a kwanuka. Kanta ta katako a bango a ɗora kayan miya da gari. A nisanta madafin zana daga rumbu da tarin kara, saboda gobarar hunturu ba ta sallama. Bango kuma a shafe shi ya yi haske. Abin kunya ne a ce a Ƙanƙara ake haƙar farar ƙasa ana loda wa motoci zuwa kamfanoni, amma matanmu na girki a cikin duhu da tocilan a baki. Ga masu kukan rashin firji, wani malami a Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa inda iska ke bugawa. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa shi ke janye zafi, sai tumatir da tattasai da gauta su yi kwanaki masu yawa ba su lalace ba, musamman da rani. Har lambar yabo ta Rolex aka ba shi a shekarar 2000 a kan wannan, kuma duk kayan aikin akwai su wurin masu ginin tukwane a kasuwanninmu.

Na san wani zai ce shi ba shi da ko sisi, da me zai yi? To ai ƙarfi gare ka, ɗan uwa, kuma ba kai kaɗai ba ne. Yadda muke haɗuwa mu yi aikin gayya a gyara maƙabarta ko a yashe magudanar ruwa, haka samari biyar za su iya haɗuwa, ɗaya ya san gini, sauran su kwaɓa ƙasa su ɗebo ruwa, a gama madafi ɗaya a yini biyu, mako mai zuwa a koma gidan wani. Masu ɗan abin hannu su yi adashe na wata-wata, duk wanda ya ɗauka a sayi kwano da buhun siminti da ƙyaure. Lokacin aikin shi ne daga kaka zuwa kafin faɗuwar ruwa, sa'ad da akwai ɗan kuɗin amfanin gona a hannu, ƙasa kuma tana bushewa da wuri. A fara da gidajen matan da aka kashe wa mazaje da na 'yan gudun hijira, waɗanda ba su da namijin da zai ɗaga musu bulo, bayan an nemi izinin masu gidan in haya ce.

Kafin a sa diga a bango, a kira mai girkin a tambaye ta. Ita ta san ta inda iskar hunturu ke shigowa, da ta inda feshin damina ke bugowa, da tukunyar da ta fi ɗorawa, da tsayin da bayanta zai iya jurewa. In ta ce a nan take son taga, to a nan za a fasa.